Kukan Ƙafar Gaba a Tankar Mai: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin a Kwance Noti

Da wuya mako ya wuce direban tanka bai tsaya bakin garejinmu a nan Damagaram ba, ya sauko yana share gumi ya ce, "Maigida, ƙafar gaba tana kuka." In na tambaye shi wane irin kuka, a wane gudu, da kaya ko ba kaya, sai ya waiwaya ya kalli yaron motarsa. Daga nan asara take farawa. A canza rulma, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da ƙafa ke juyawa a kansa, alhali taya ce ta kumbura, ko a sayi sabuwar taya alhali noti ne ya saki, a biya kuɗi, a hau hanya, kukan yana nan. Na yi dakon mai kafin in koma riƙe sifana, kuma abin da na koya a kujerun biyu ɗaya ne: ƙara tana da tsarin bincike, kunne, sannan hannu, sannan ido, sannan jak. Sifana ita ce ta ƙarshe.

Ƙafar gaba ba sa'ar ta baya ba ce. A baya tayoyi bibbiyu suke, in ɗaya ta fashe ƴar'uwarta ta riƙe ka har ka tsaya. A gaba kowane gefe taya ɗaya ce tilo, tana ɗauke da tan uku da rabi zuwa huɗu, kuma ita ce ke bin umarnin sitiyari. A bayanka ga lita dubu talatin ko fiye, ruwa ne mai motsi, nauyinsa a sama. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari a hanyar Tanut, motocin nan ba sa hutawa: Maraɗi, Yamai, Diffa, Agadas. Gargada, ramuka, rairayi da zafin bazara duk a ƙafar gaba suke fara sauka.

Mataki na farko: saurara tun kana kan sitiyari

Kashe rediyo, sauke gilashi duka biyu, ka ce wa yaron mota ya kasa kunne ta nasa gefen. Tambaya ta farko: ƙarar tana bin gudun mota ne ko tana bin injin? Ɗaga ƙafa daga totur a wuri miƙaƙƙe. In ƙarar ta sauka tare da injin alhali motar ba ta rage gudu ba, ba ƙafa ba ce. Famfon sitiyari da mansa ya yi ƙasa yana yin wani kuka siriri, musamman in an murɗa, kuma yana yinsa ko mota a tsaye take. Mutane da yawa sun kwance ƙafa saboda shi.

In tana bin gudun mota, to a rarrabe. Tayar 315/80 R22.5 da yawancinmu ke sawa a gaba tana cin kusan mita uku da ɗan ɗoriya a juyi ɗaya. Ma'ana, a gudun kilomita 12 cikin awa tana juyawa sau ɗaya a daƙiƙa, a gudun 60 kuma sau biyar. Saboda haka ka rage gudu kamar na mai keke ka ƙirga. Duk abin da ke bugawa sau ɗaya a kowane juyi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ko dum, dum, dum, a jikin abin da ke juyawa yake: dutse a haƙoran taya, kumburi, fatar taya da ta fara ɗagowa, jant, wato ƙarfen da ake sa taya a jikinsa, da ya tsage, ko tambur, wato gangar ƙarfen da takalman birki ke matsawa daga ciki, da ya karkace. Abin da kuwa yake gurnani ba yankewa, kamar injin niƙa daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, galibi rulma ne, wanda mutanen Kano ke kira boris. Taya mai cin gefe ma tana irin wannan ruri, amma nata yana canzawa in ka sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi. Na rulma bai damu da irin hanya ba.

Sai ka taɓa birki a hankali. In ƙarar ba ta zuwa sai ka taka, ƙiii ko gurzar ƙarfe da ƙarfe, birki ne. In tana nan, ka taka ta ɗauke, ka saki ta dawo, akwai abin da ke lilo a ciki wanda birki ke damƙewa: ko sifirin ɗin da ke mayar da takalman birki ya karye, ko rulma ya yi wasa. Kwaram ɗin da ba ya zuwa sai a rami ko tudun rage gudu yana nuni ga sifirin mai ganye da ke ɗauke da motar, shokozoba, ko pivo, sandar da ƙafar ke karkata a kanta in an murɗa sitiyari.

Akwai gwajin kwana. In ka karya hagu nauyi yana komawa ƙafar dama, in ka karya dama ya koma hagu, kuma rulman da ya lalace yana ƙara murya in aka ɗora masa nauyi. Amma ina roƙonka, kada ka yi wasan sitiyari hagu da dama da tanka mai kaya don ka gwada wannan, balle mai rabin kaya da man ke kai da komo a ciki. Ka bari kwanar hanya ta zo da kanta, ka shige ta a hankali, ka saurara.

Duk wannan sauraron na ƙara ce kawai. In ka ji ƙauri, ko sitiyari ya fara fizga gefe ɗaya, ko ya fara rawa a hannunka, ko fitilar ABS, wato na'urar da ke hana ƙafa ƙullewa in an taka birki, ta kunnu tare da gurnanin, babu sauran gwaji. Nemi wurin tsayawa yanzu. Fitilar nan tana kunnuwa ne saboda ƙafar ta yi lilo har tazarar da ke tsakanin na'urar da ke ƙirga juyin ƙafa da zoben haƙoran da take karantawa ta canza, kuma rulman da ya kai nan ya yi nisa.

Mataki na biyu: inda za ka tsaya

Kada ka tsaya cikin ƙauye, ko kusa da mai shayi, mai tsire, ko inda ake ƙona shara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana neman wuta. Kada kuma ka sauke gefe ɗaya cikin rairayi mai laushi motar ta karkata. Nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan tayoyin baya, domin a yawancin motocin nan birkin hannu bai kama ƙafar gaba. Sa alama nesa a gaba da baya, sauko da tukunyar kashe gobara ka ajiye ta kusa, ba a ƙulle cikin akwati ba. Yaron mota ya kori jama'a. Ba mu manta da watan Mayun 2019 ba, lokacin da tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu.

Mataki na uku: hannu da hanci

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya, kuma dole a yi shi nan take kafin ƙarfe ya huce. Tunkari ƙafar ta gaban mota, ba ta fuskar jant ba, don taya mai zafi in za ta fashe ta gefe take fashewa. Kai bayan hannunka kusa tukuna, kada ka dafa kai tsaye. Sannan ka zagaya ka gwada ɗaya gefen. Ba yawan zafin ne abin dubawa ba, a watan Afrilu komai na mota zafi gare shi. Bambanci tsakanin hagu da dama ake nema. Ka tuna da rana: mai tahowa daga Tanut da safe, gefensa na gabas ya sha rana, zai ɗan fi ɗumi ko ba ciwo.

Wurin da zafin yake shi ke faɗin mai laifi. In a tsakiya ne, a murfin cibiyar ƙafa, rulma ne, kuma sau da yawa za ka ga giris ya narke ya yi zane baƙi a jikin jant, da wari irin na ƙonannen mai. In tambur ne ya yi zafi cibiya kuwa da sauƙi, birki ne ke riƙewa, warinsa daban ne, mai yaji, mai shiga maƙogwaro. In robar taya ce ta fi zafi, iska ta yi ƙasa ko zaren cikin ya fara rabuwa.

Duk mai tanka ya kamata ya saya wa direbansa na'urar auna zafi mai kama da ƙaramar bindiga, ta makanikai, ba irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona ba, waccan ba ta kai zafin ƙarfe. Ni a aikina, in gefe ɗaya ya fi ɗaya da maki ashirin, ba na barin motar ta tafi sai na buɗe.

Abu biyu kada a yi. Kada a watsa ruwa a kan cibiya ko tambur mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Kada a rage wa taya mai zafi iska, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. A bari ta huce da kanta, ana tsaye nesa da tukunyar gobara a hannu.

Lokacin ina yaron mota, mun ɗauko gazuwal, wato man dizal, za mu Maraɗi. Tun fitarmu gari nake jin gurnani a gefena. Na ce, "Maigida, ƙafar nan tana magana." Ya ce, "Bari, yaro, mu lallaɓa mu kai Tasawa, can akwai mai gyara." Ba mu yi nisa da wuce Takieta ba na leƙa na ga hayaƙi fari siriri yana fita ta ramukan jant. Da muka tsaya, fentin murfin cibiya ya yi ƙuraje, giris yana ɗiga kan kwalta yana tafasa. Da aka buɗe washegari, ƙwayoyin rulman na waje sun narke sun manne da sandar aksil, notin da ke riƙe da ƙafar gaba ɗaya saura kaɗan ya cinye. Kwana uku muka yi a dajin nan muna gadin mai. Allah ya jiƙan maigidan nan, direba ne na gaske, amma tun ranar na tsani kalmar "lallaɓa" a bakin mai tanka.

Mataki na huɗu: ido

Fara da notocin taya, guda goma ne a yawancin motocinmu. Notin da ya saki yana barin shaida: zanen tsatsa ko baƙar ƙura da ke fita daga gindinsa zuwa waje, ko ƙyallin ƙarfe a kewayensa inda yake gogawa. Ɗauki ƙaramar guduma, ɗora yatsa a gefe ɗaya na notin, ka ƙwanƙwasa ɗaya gefen. Mai ƙarfi yana amsawa garau, wanda ya saki yana amsawa a dushe kuma za ka ji motsinsa a yatsa. Duba tsakanin ramukan noti da ramukan iska na jant, nan tsaga take farawa, siririya kamar gashi, ƙura ta kwanta a cikinta.

In ka sami noti a sake, ɗaure shi kawai ba gyara ba ne. Sai an cire ƙafar an ga ko ramukan sun zama kamar ƙwai, ko sandunan noti sun ci. Jant mai tsaga ko mai faɗaɗɗen rami ba a yi masa walda, canza shi ake. In sanda ɗaya ta karye, maƙwabtanta biyu sun ɗauki nauyin da ba nasu ba, a canza su tare.

Sai taya. Shafa tafin hannu a kanta gaba da baya. In ta yi santsi ta wani ɓangare ta yi kaifi ta ɗayan kamar haƙoran zarto, saitin ƙafafun ya kauce, ko rotil, mahaɗin da ke bakin sandar sitiyari, ya mutu. In ta yi kwari-kwari, wani wuri ya lotsa wani ya taso, shokozoba ya daina aiki ko ƙafar tana lilo. Duba kumburi ciki da waje, na ciki shi ake mantawa. Auna iska da geji in ta huce, 8 da rabi zuwa 9 ne a awon bar na geji galibi ga irin wannan taya a gaba, amma bi abin da ke rubuce a jikinta da littafin motar. Dukan taya da ƙarfe ba ya bambance bar 7 da bar 9. Kuma tayar da aka yi wa sabuwar fata ko babban faci, wurinta baya ne, ba gaban tanka ba.

Mataki na biyar: jak

In da hali, a yi wannan bayan an sauke kaya. In dole ne a hanya, a shimfiɗa katako mai kauri ko farantin ƙarfe, don ƙasarmu tana haɗiye jak. Jak na tan ashirin, a ƙarƙashin aksil kusa da sifirin, sannan a sa abin tokare mai ƙarfi a gefensa. Kada kowa ya sa kai ko kafaɗa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Juya ƙafar da hannu. Lafiyayya tana tafiya shiru ta tsaya a hankali. Ɗora hannu a kan aksil ko sifirin tana juyawa: rulman da ya ci yana aiko da wani kaushi, gir-gir, da hannu ke ji tun kunne bai ji ba. In tana kamawa tana saki a wuri ɗaya, tambur ne ba daidai ba. In da ƙyar take juyawa, birki ne ko an matse rulma fiye da kima. Kafa wani abu a ƙasa kusa da gefen taya ka ga ko tana matsowa tana ja da baya.

Yanzu gwajin da ke raba gardama. Zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya, ka ɗaga ka saki, wani ya riƙe samanta yana ji. In akwai wasa sama da ƙasa, abu biyu ne: rulma ko pivo, wato sandar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari. Ka tabbata akwai iska a tankin birki, ka ce wa direba ya taka ya riƙe. Sake girgizawa. In wasan ya ɓace, rulma ne, domin birki ya haɗe tambur da aksil. In wasan yana nan, pivo ne da bushinsa. Wannan ɗan gwaji na minti biyu ya hana ni sayen kayan da ba a buƙata sau ba adadi.

Sannan ka kama taya ta gaba da baya ka girgiza, wani yana kallon rotil ɗin sandunan sitiyari. Wanda robarsa ta yage rairayi ya shiga, za a ga kansa yana tsalle a cikin gidansa. Rotil ba a lallaɓa shi, in ya fita sitiyari ya rabu da ƙafa.

Kafin ka sauke, haska fitila ka duba ganyen sifirin ko akwai karyayye, ƙarafan da suka ɗaure shi da aksil ko sun saki, fil-fil ɗin bakinsa, da shokozoba ko yana yoyo. Duba kuma farantin da ke kare birki daga ƙura, dutse yana lanƙwasa shi ya riƙa gogar tambur, ƙara mai tayar da hankali, gyaran minti biyar.

Mataki na shida: buɗe cibiya

In zafi, gurnani da wasa sun haɗu a ƙafa ɗaya, a buɗe. Giris ɗin da ka tarar zai ba ka labari. Mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Baƙi mai tauri, zafi ya dafa shi. Mai launin madara ko tsatsa, ruwa ya shiga, kuma wannan ciwon damina ne: cibiya mai zafi ta faɗa korama, ta huce farat ɗaya, ta zuƙo ruwa ta bakin roba. Mai ƙasa-ƙasa a tsakanin yatsu, robar da ke tare giris ta mutu ƙurar hunturu ta samu hanya.

Wanke rulman da gazuwal, ba fetur ba, ka ɗora a kan kwali mai tsabta, ba a ƙasa ba. Duba ƙwayoyin da zoben da suke gudu a kai: ƙananan ramuka, ɓawo, zane, ko launin shuɗi, duk hukuncinsu canji. A canza na ciki da na waje tare, kowanne da zobensa, da sabuwar roba. Sabon rulma a tsohon zobe ba ya daɗewa. Duba sandar aksil, in ta yi shuɗi ko rulma ya juya a kanta ya ci ta, ita ma ta tafi. In aikin zai kai ga walda ko hura wuta, a raba kan motar da tanki a kai shi nesa. Tankin da aka sauke wa fetur ya fi cikakke haɗari, don tururi ne cike da shi.

Kan sayen rulma ina da zafi. Na taɓa karɓar wani a kwali mai kyau da suna babba, da araha, bai yi wata biyu ba motar ta dawo. Ka duba rubutun jikinsa ko ya fito tsaf, ka kwatanta lambarsa da ta wanda ka cire, ka saya inda za ka iya komawa. Giris kuma mai jure zafi, mai alamar EP2 a jikin gwangwaninsa, a cusa shi cikin ƙwayoyin da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen. Kada a cika cibiya maƙil, kada a gauraya iri biyu.

Wurin ɗauri nan ne gwani ke bambanta. Rulma mai ƙwayoyi masu tsini ana matse notinsa ana juya ƙafar don ya zauna, a sassauta, sannan a saita shi da ɗan wasa ƙanƙane, wajen milimita 0.03 zuwa 0.13, abin da sai agogon awo ke gani. In ya matsu ya yi zafi, in ya saki ya ci kansa da roba. A sa makullin noti sabo. Sababbin motoci da yawa kuwa, irin Actros da Volvo na baya-bayan nan, rulmansu a rufe yake zuwa, ba a saita shi, ba a ƙara masa giris, ɗungurungum ake canzawa a ɗaure da awon da kamfani ya rubuta. Ka san irin wanda ke motarka kafin ka taɓa.

Tunda tambur yana ƙasa, duba birki gaba ɗaya: kaurin fata, ƙusoshinta ko sun fara gogar tambur, sifirin ɗin mayarwa, da sandar da ke buɗe takalman ko ta ƙage saboda rashin giris. Fatar da giris ya jiƙa ba ta wankuwa. In birki mai faifai ne, duba ko kan da ke matse faifan yana zamewa a sandunansa. Abin da aka yi wa birkin hagu a yi wa na dama, in ba haka ba motar za ta ja gefe ranar da ka taka da ƙarfi.

Mataki na bakwai: mayar da ƙafa

Goge fuskar cibiya da ta jant, kada a bar rairayi, tsatsa ko fenti mai kauri a tsakani, su ne ke murmushewa daga baya noti ya saki. Ɗaura a gicciye, wannan sannan na gabansa, ba a jere ba. Yawancin manyan motocin Turai masu noti goma suna neman wajen 600 Nm, wato awon ƙarfin ɗauri, amma a duba littafin kowace mota, a kuma yi da sifana mai awo. Yaro ya hau dogon bututu yana tsalle, wannan yana miƙar da sandar noti ne har ta karye a hanya. Wasu tsofaffin motocin Japan notin gefen hagunsu baibai yake kwancewa, a nemi alamar L kafin a sa ƙarfi.

Fita gwaji ba kaya, kilomita goma, ka dawo ka taɓa cibiyoyin biyu. Sannan bayan kilomita 50 na farko a sake bin notocin da sifana mai awo, a sake taɓa cibiya. Wanda ya yi gyara a gari ya nufi matata, tazarar ke nan daidai: ya yi wannan dubawar a layin jira, kafin ya shiga a zuba masa lita ko ɗaya.